Ranar Da Ƙafar Hamisu Ta Motsa

Hamisu ƙanena ne, shi ke bi mini amma da tazara, kuma a bayana ya girma. Kafinta ne mai rufin kwano. Da ya biyo ni Kaduna daga ƙauyenmu can bayan Malumfashi, a gidan hayar da muke a Kurmin Mashi ya sauka, ya kama ɗakin da ke jikin namu. Dogo ne, ga ci kamar gara. Ina suyar waina a ƙofar gida zai zo ya tsuguna yana ɗauka da zafinta, in na ɗaga masa muciya ya ce, "Yaya Delu, ɗanɗana miki nake kada ki ji kunyar kasuwa." Ɗan banzan yaro, ko fushi mutum ya so yi da shi ba ya bari.

A wani gini a Malali ya faɗo. Katako ne ya karye a ƙarƙashinsa, ya taho ta baya, gadon bayansa ya sauka a kan tulin bulo. Abokan aikinsa da suka ba ni labari daga baya, da alfahari suka ba ni, su a dole sun yi taimako. Suka ce da suka rugo suka tambaye shi ina ke masa ciwo, sai ya ce wallahi daga cibiya zuwa ƙasa ba ya jin ciwon komai.

Sai suka ce, "Alhamdu lillahi, abin ya zo da sauƙi!"

Kun ji fa. Mutum ya faɗo daga saman bene, ya ce ba ya jin rabin jikinsa, wai shi ne sauƙi. Suka kama hammatarsa suka miƙar da shi, ƙafafu suka lanƙwashe. Wani ya ce firgita ce, aka yayyafa masa ruwa, aka sake miƙar da shi. Da abin ya ƙi, suka naɗe shi suka cusa a keke Napep, a zaune, suka bi ramukan titi da shi har asibiti. Ban zage su ba ranar da suka gaya mini. Amma har gobe in na tuna sai na ji zuciyata tana tafasa.

A asibiti ina tsaye likita ya ɗauko wata 'yar allura ya ce Hamisu ya rufe ido, duk inda ya ji tsini ya faɗa. Ya fara daga ƙirji. Hamisu yana cewa, "Na ji. Na ji. Kai likita, a hankali mana." Da aka wuce cibiya sai ya yi shiru. Likita ya soki mara, ya soki cinya, ya sauka har tafin ƙafa. Can sai Hamisu ya ce, idonsa a rufe, "To ci gaba mana, me ka tsaya jira?" Na fita waje da gudu don kada ya ji kukana.

Likitan ya same ni a baranda ya ce lakarsa ce ta tsinke. Ni laka a baki kawai na san ta, a ce wane ba shi da laka a jiki, wato rago ne. Ban taɓa sanin wata aba ce ta gaske da ke kwance cikin ƙashin baya ba. Ya ce ita ce hanyar da saƙo ke bi daga kai zuwa gaɓoɓi, kuma ta nan jiki ke mayar wa kai da labari, ko zafi ne, ko sanyi, ko fitsari ya taru. Inda ta tsinke, duk abin da ke ƙasa da nan ya rabu da kai. Ya ce ƙashin za su ɗaure shi da ƙarfe ya haɗe, amma laka ba a ɗinke ta. Da ya tambayi yadda aka kawo shi na gaya masa, sai ya cire tabarau ya murza ido.

Bayan an yi aikin, an sallame mu, na dawo da shi gida. Nan ne na san jinya. Namiji ƙato, mai gemu, ga robar fitsari a jikinsa da jaka tana rataye a gefen gado. Bayan gida kuwa bai san zuwansa ba, sai dai wari ya gaya mana mu duka. Ranar farko da na gyara shi ya juya fuska bango ya ce, "Yaya, da ma can na mutu." Na ce, "Rufe mini baki, kashinka nawa na wanke kana jariri? Yau ne zai zama sabo?" Da faɗa na faɗa, na ci gaba da goge shi.

Allah ya haɗa ni da maƙwabciya ta gari. Rahila sunanta, muna ce mata Maman Victor, ma'aikaciyar jinya ce, 'yar kudancin Kaduna, ɗakinta na kallon nawa. Ita ta zaunar da ni, ta kira ni da sunan 'yata kamar yadda ta saba, ta ce, "Maman Shamsiyya, ki saurare ni da kyau. Ba ƙafar ce za ta kashe shi ba, kwanciya ce. Ni da ke in mun daɗe a ɓari ɗaya jiki zai yi mana tsami mu juya ko muna barci. Shi ba abin da zai gaya masa. Fata za ta mutu a ƙarƙashinsa yana hira yana dariya." Ta koya mini juya shi a kai a kai, da sa filo tsakanin gwiwoyi, da duba ƙugunsa da dugadugansa kullum. Ita ke canja masa robar in lokaci ya yi.

Na yi iya yina, Allah shaida ne. Amma mutum ɗaya ce ni, ga yara, ga tanda, ga maigida direba da ba ya zama. Wani jan tabo ya fito a ƙasan bayansa, wajen da ƙashi ya tokare. Ya yi baƙi. Ya fashe. Kafin mu farga ya zama rami, Maman Victor tana cusa masa auduga tana wankewa safe da yamma. Ta ce muddin ana wanke shi, ba a kuma bar shi ya hau kansa ba, zai iya cikewa. In aka sake ya ci ya kai ƙashi, ƙwayar cuta ta shiga jini, to sai dai wani ba shi ba.

Masu dubiya kuwa ba su fasa ba. Kowa ya shigo, "Hamisu, ya jiki?" Shi kuma, "Da sauƙi." "Ba inda ke ciwo dai ko?" "Babu." "To madalla, sauƙi ya samu, saura tashi." Su shafa fatiha su fita suna murna. Ni ina bakin ƙofa kamar in kurma ihu. Rashin ciwon nan shi ne cutar, amma wa zan tsaya yi wa bayani? Ai ba a cewa babu sauƙi, sai a ce ka yi saɓo.

Ana cikin haka Inna, mahaifiyarmu, ta zo daga gida tare da ƙanenta Kawu Tukur. Inna ta tsufa, kuma Hamisu ne namijinta ɗaya tilo. Tun da ta shigo ta ɗaga zane ta ga ƙafafun sun fara ramewa, ta shafa ta ji su sanyi ƙalau, sai ta ce jini ne ya daskare, gashi suke so. Na ce Inna kada ki soma, an hana. Washegari na tafi kai niƙa, kafin in dawo ta tafasa ruwa, ta tsoma tsumma, tana danna masa a ƙwauri.

Tana ce masa, "Da zafi?"

Yana cewa, "Ko kaɗan, Inna."

"To bari in ƙara."

Da na shigo fatar ƙwaurinsa ta tashi ta yi bororo. Na yar da bokitin niƙan, na ɗaga murya a kan uwar da ta haife ni, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Inna, dafa shi za ki yi? Ba ya ji! Ko wuta kika sa masa ba zai ji ba!" Ta dube ni ta dubi ƙafar, ta zauna daɓas a ƙasa tana salati. Tausayinta ya kama ni, haushinta kuma bai sake ni ba.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ina goge masa jiki, na zo kan tafin ƙafarsa ta dama. Sai ƙafar ta zabura. Wallahi zabura sosai, gwiwa ta lanƙwashe, dugadugi ya bugi katifa yana karkarwa. Wata da watanni tana kwance kamar itace. Inna ta rangaɗa guɗa, Kawu ya shigo da gudu yana kabbara, matan gida suka cika ƙofa. Hamisu ya ɗaga kai yana kallon ƙafarsa, hawaye na bin kuncinsa, yana cewa, "Yaya, kin gani? Kin gani?" Ni ma kuka nake. Na fita ko takalmi babu na bubbuga ƙofar Maman Victor.

Ta shigo ta tsaya a ƙarshen gado. Ban ga ta yi dariya ba, daga nan na san akwai magana. Ta ce, "Hamisu, motsa mini babban yatsanka." Ya ciji leɓe, jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya karyo masa. Yatsa ko gezau. Ta ce ya rufe ido, in ƙafar ta motsa ya faɗa mata. Ta ja makulli a tafin ƙafar. Ƙafa ta sake zabura har zane ya zame. Hamisu yana kwance ido rufe yana jira. Da ya gaji ya ce, "Kin fara ne?"

Ta ja ni bayan ɗaki ta riƙe hannuna. Ta ce, "Kin taɓa ganin wutsiyar ƙadangare da ta guntule tana wutsil-wutsil a ƙasa? Ba ƙadangaren ke kaɗa ta ba. Guntun lakar da ke ƙasa da inda ta tsinke yana nan da ransa. Da farko ya suma ne saboda bugun da ya sha, yanzu ya farfaɗo, sai dai ba ya jin maganar kai. In an taɓa ƙafa zai fizge ta shi kaɗai. Yawancin masu irin wannan ciwon haka suke yi. Wani lokaci ma gyambon ne ko fitsari ke tayar da ita." Na ce, "Wato ba tashi zai yi ba." Ta ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba, Maman Shamsiyya."

Kafin in koma ɗaki Kawu ya gama yanke shawara. Wai akwai wani mai ɗori a can wajenmu, gado ya yi, ya taɓa tayar da wanda ya faɗo daga kan ɗorawa. Tun da ƙafa ta nuna alama, jijiya ce ta hau kan jijiya, ja ɗaya zai yi wa bayan ta koma. Gobe za a nemo mota.

Na ce, "Kawu, don girman Allah ka tsaya. Akwai ƙarfe a bayan yaron nan, in aka ja shi me zai faru? Ga gyambo, wa zai wanke masa a can? Wa zai canja masa roba? Zama a mota kaɗai daga nan zuwa gida a kan ramin nan na bayansa ya isa ya gama da shi."

Ya ce, "Delu, da idonki kika ga ƙafa ta motsa ko ba ki gani ba?"

"Na gani, amma ba shi ya motsa ta ba."

"To wa ya motsa ta? Ke?"

Na yi ta kwatanta masa abin da aka gaya mini, har da wutsiyar ƙadangaren. Ashe na ƙara ɓata lamarin. Inna ta ce, "Ɗan nawa ne ƙadangare?" Kawu ya ce su ma'aikatan asibiti abin asibiti suka sani, kuma likita ba Allah ba ne. Sannan ya dube ni ya ce, "Ke yanzu kin yanke ƙauna daga rahamar Ubangiji ke nan?" To ku gaya mini, wace amsa ake ba wannan? In na ce e, na kafirta. In na ce a'a, a kawo mota.

Saura shi mai jikin. Da la'asar da su Kawu suka tafi masallaci, Inna tana alwala, na shiga na juya shi, na ɗauki hoton gyambon da waya, na kai masa har fuska. Bai taɓa ganinsa ba. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Bayan wa ye wannan?"

Na ce, "Naka ne, Hamisu. Hannuna yana shiga ciki."

Ya miƙo mini wayar. "Yaya, da ya kai haka muni ai da na ji."

"Ba za ka ji ba! Shi ne abin da nake ta faɗa tun safe, kai ma kanka ya toshe ne? In ka tafi da wannan ba za ka dawo ba. Ka zauna ya warke. An ce akwai keke, akwai masu irin ciwonka da ke sana'arsu a zaune, hannunka lafiya lau, kai da ka iya katako."

Ya yi wata dariya da ban so ba. Ya ce, "Keke. In fita titi a riƙa miƙo mini sadaka ta taga." Sannan ya ce a hankali, "Yaya, ba raina miki na yi ba. Kin yi mini abin da ko uwa sai haka. Amma ke me kika tanadar mini a ɗakin nan? Ki juya ni dama, ki juya ni hagu, kamar waina a tanda, har ranar da za ki gaji ko in mutu. Su sun ce zan tashi. Ke kin ce ba zan tashi ba. In ke ce, wa za ki bi?"

Gaskiya ce a hannuna, amma gaskiyar ba ta da abin da za ta ba shi sai kwanciya. Na gyara masa filo na fita.

Da safe mota ta zo, wata tsohuwar tasi ta haya. Maman Victor ta fasa fita aiki da wuri, ta wanke gyambon ta rufe shi da kauri, ta canja roba, ta haɗa auduga da magani a leda ta ba Inna tana yi mata bayani. Inna tana cewa to, to, amma na san ko rabi ba ta riƙe ba. Maman Victor ta roƙi a kwantar da shi a kujerar baya a kan ɓarinsa. Kawu ya ce in ya kwanta su ina za su zauna, kuma mai shirin tashi ai gara ya fara koyon zama. Aka ɗauko shi aka zaunar a baya, daidai kan ramin gyambon.

Ranar fuskarsa fes, rabon da in gan shi haka tun kafin faɗuwar. Ya sa an yi masa aski. Maƙwabta sun taru, yana ta zolayar matan gida, yana ce wa mai gidan hayarmu kada ya ba kowa gyaran rufin da ke yoyo, shi zai dawo ya yi. Ana ta "Allah ya sa a dace". Ni ina gefe da ɗankwali a baki. In ce ban san ganin ƙarshe nake yi masa ba, na yi ƙarya. Na sani sarai.

Direba ya zagayo ya tura ƙofa. Ƙofa ta ƙi rufuwa, ta dawo. Ya ja tsaki ya ce motar nan sai da ƙarfi, ya ja baya ya maka ta da iyakar ƙarfinsa. Ta sake dawowa.

Hamisu ya leƙo yana dariya. "Malam direba, wannan akwalar taka za ta kai mu kuwa? Ko ƙofa ba ta da ita."

Sai na ga jini yana ɗiga a kan ƙasa. Ƙafar ce ta zabura ta zamo waje ba wanda ya lura, yatsun suna daidai bakin ƙofa. Biyu sun fashe, farcen babban ya tashi yana lilo. Na ƙwalla ƙara na ture direban. Hamisu yana bin fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya, dariyar ba ta gama barin bakinsa ba, yana cewa, "Me ya faru? Yaya, mene ne?"

Na dubi Inna. Ta ga jinin, ta ga fuskar ɗanta. Na ce a raina yau kam ta gane, yanzu za ta ce a sauke shi. Har ta ɗaga hannu.

Kawu ya sunkuya ya duba ya ce, "Kun ga yadda jini ke gudu? Ja wur. Matacciyar ƙafa ai ba ta jini. Ku ɗaure masa mu kama hanya kafin rana ta yi."

Hannun Inna ya koma kan cinyarta. Ta ce, "Haka ne kuma."

Maman Victor ta juya ta shige gida, ina jin ta tana fyace hanci. Na durƙusa a ƙasa, na cire ɗankwalina na naɗe yatsun, na ɗaure tam. Hamisu ya dafa kaina ya ce, "Haba Yaya, daina kuka, wallahi ko kaɗan ba zafi." Na ɗaga ƙafar da hannu biyu na mayar da ita ciki, na gyara mata zama kusa da 'yar'uwarta. Sannan na rufe ƙofar a hankali, kamar zai ji.